Reza Ɗaya Ta Aske Mu Duka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Usmanu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a cikin mota, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sauke ka inda za ka da ƙafafunka biyu. Innarka ce ta cusa takardar a ƙarƙashin dabinon da ta ƙulle maka, don ta san halinka, ba za ku kai Madani ba sai hannunka ya shiga jakar. Na rubuta da Hausa ko da yake na san harshenka ya fi gudu a Larabci. Ka daure ka bi ta a hankali, ko da yatsa ne. Maganar da ke ciki ba zan iya faɗinta da yaren wani ba.

Ga abin da nake so ka yi, tun kafin in shiga dogon zance. Kada ka wuce Damazin kai tsaye. Ka sauka a Sinnar, ka kwana gidan gwaggonka Rabi, da safe ka je asibiti ka ce a ɗebi jininka a auna maka ciwon hanta. Yankan riɗi ba zai gudu ba don ka makara kwana biyu. Ni ina da ciwon nan a jinina, Usmanu. Wata takwas ke nan da likita ya gaya mini. Kuma ina tsoron na sa maka shi da hannuna, ta makanar askin nan da ka yi ta roƙona in ba ka ka tafi da ita. Shi ya sa shekaranjiya da ka sake tambaya na daka maka tsawa a gaban ƙannenka, ka fita kana ganin rowa ce ta tsufa ta kama ni. Tsoro ne ya fito mini ta baki a haka.

Ka san makanar a ido, amma ba ka san yadda ta shigo gidanmu ba. Kakanka ya yi wa wani mufattishin auduga girki shekaru da yawa, irin mutanen nan da ke zagaya gonaki suna duba shuka. Da mutumin zai bar ƙasar sai ya ba shi ita tare da gwangwani cike da reza. Ka riƙe ta, ka san nauyinta. Kanta yana buɗewa kamar murfin ƙaramin akwati, ka kwantar da rezar a ciki ka rufe. Rezarta baki ɗaya gare ta, ƙeyarta kuma naɗe take da ƙarfe mai kauri, ba irin masu baki biyu da ake sayarwa a kowane kanti ana karya su gida biyu ba. Idan ka kwantar da kan a kumatu ka ja a hankali, sai ka ji ƙara kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Kakanka a ɗaki yake aski, shi kaɗai, ya wanke ta ya shanya ya mayar cikin tsummanta. Bai taɓa fita da ita ƙofar gida ba. A lokacin ina ganin tsabar ƙyashi ne irin na tsofaffi.

Da ya rasu ta dawo hannuna, kuma a nan kuskurena na farko ya fara. Ni mutum ne mai son a gan shi, ba sai innarka ta gaya maka ba. Duk ƙauyen babu mai irinta, to ina amfanin abu in ba wanda ya san kana da shi? Sai na riƙa fitowa da ita kowace safiyar Juma'a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida, da madubi, da kwanon ruwan ɗumi, da sabulu, da ɗan dutsen alif na tsayar da jini. Ina aski ina ɗaga haɓa, masu wucewa suna tsayawa kallo. Wanzaminmu ya tsufa, ba ya fitowa sai suna ko kaciya, sauran lokaci kowa ya yi ta kansa. Ka kuma san al'adarmu, wanda ya hana aron garwashi, ko allura, ko abin aski, maganarsa za ta bi shi har kan jikokinsa. Mutum ɗaya ya ce in ara masa, na ara. Mako na gaba suka zama uku. Kafin shekara ta zagayo sai da ya zama ba a tafiya masallaci ranar Juma'a sai makanar ta zaga haɓa takwas, wani lokaci goma. Kwano ɗaya, sabulu ɗaya, alif ɗaya. Wanda ya zo ƙarshe yakan tarar da ruwan ya yi ja-ja, ya yi tsaki kawai ya tsoma. Ni kuwa ina zaune a tsakiya, ana yabon makanar Garba, kaina yana ƙara girma.

Inda za ka, ku goma ne ko fiye za ku kwana a rumfa ɗaya, kuma duk wanda ya ga abin aski a hannunka zai miƙo nasa hannun. Ka yi askinka a gefe, bayan rumfa, inda ba idon kowa. Kada ka ara wa kowa, kada ka karɓi aron kowa, ko da gemunka zai sauko har ƙirji. Da ma gemun naka nawa yake.

Kuskure na biyu wayo ne ya ja mini shi. Gwangwanin kakanka ya ƙare tun kana rarrafe. Akwai wani tsoho a kasuwar Rufa'a da yake da ragowar irin rezar a ƙasan kantinsa, nakan hau jirgin fito in ƙetare kogi in je wurinsa, har ranar da na je na tarar an rufe kantin, aka ce mini ya riga mu gidan gaskiya. Na bi kasuwar Hasahisa rumfa-rumfa, kowa ya juya makanar a hannunsa ya ce wannan ai ta zamanin da ce. Sai na koyi wasa rezar a cikin kofin shayi na gilas. Ka ɗan jiƙa cikin kofin, ka manna rezar da yatsa, ka yi ta gogawa gaba da baya. Da haka reza ɗaya takan kai ni daga shukar auduga har tsinta. Ka tsaya ka yi tunanin fuska nawa ke nan a kan bakin ƙarfe ɗaya.

Daga baya, wata rana na shiga shagon masu kayan gini a Hasahisa neman ƙusa, sai na hangi wani abu a kan teburi, murna ta kama ni. Reza ce mai baki ɗaya, da ƙeya mai kauri, sak irin tawa. Mai shagon ya ce ta masu fenti ce, da ita suke kankare gilashin taga. Na zaro makanar daga aljihu na gwada, ta zauna daram. Na dawo gida ina jin duk faɗin Jazira babu mai dabarata. Mai shagon ya gaya mini da bakinsa cewa ba ta fuska ba ce, na ce masa ƙarfe ai ƙarfe ne. Rezar nan kuwa kwana biyu take ta yi tsatsa, kuma ba aski take yi ba, cizo take. Tun daga lokacin babu wanda yake tashi daga ƙarƙashin bishiyar nan ba da ɗigon jini ba. Ƙanena Sani, baffanka, shi ya fi kowa yi mini shaƙiyanci. Wata Juma'a ya tashi yana danna alif a wuya ya ce, "Yaya, wagga makana taka yanka takai ko aski? Ka yi mata bisimilla dai, kada mu zan mushe." Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Na karɓe ta daga hannunsa da jininsa a bakinta, na girgiza ta a kwano, na ƙarasa gefen kumatuna da ya rage.

Don haka ka sayi irin ta roba ɗin nan da nake yi wa dariya ina cewa abin wasan yara ce. Ka saye ta a rufe a ledarta, kai ka yage ledar da hannunka. Ka jiƙa fuska da ruwan ɗumi, ka sa sabulu sosai, ka bi gashin yadda ya kwanta, kada ka danna. Idan ta dushe kada ka wasa ta, kada ka ajiye ta don wata rana, ka karya ta ka jefa a masai inda hannun kowa ba zai kai ba. Idan ka shiga shagon aski a gari, ka tsaya a kan mai askin ya sa sabuwar reza a gabanka, ko da zai ce kai ɗan ƙauye ne mai tsirfa.

Baffanka Sani kana iya tuna shi kaɗan, shi ne yake ɗora ka a kan jaki yana ce maka sarkin yaƙi. Ciwonsa ya fara da kasala. Ƙato irinsa, wanda yake buɗe ruwan hawasha biyu, wato manyan gonaki biyu, kafin rana ta yi zafi, sai ga shi yana zama a bakin kunyar gona yana haki. Daga nan idanunsa suka yi ɗorawa. Muka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwoyi. Da cikinsa ya fara tashi muka ce ruwan tur'a ne, magudanar ban-ruwa, tunda duk wanda ya girma yana shiga ruwan da ke shayar da gonakin nan ba ya rasa wani abu a cikinsa. Ni ne babba, ni ya kamata in ce a tafi asibiti, amma tsintar auduga ta kama, na ce a bari a gama. Wannan shi ne kuskurena na uku, kuma shi ne wanda ba ya gyaruwa.

Duk tsawon jinyar nan ban fasa yi masa aski ba. Kowace Juma'a in shiga ɗakinsa da kwano, in tallafo kansa, in aske shi, sannan in fito in aske kaina da rezar. Ina ganin zumunci nake yi. Fatarsa ta yi laushi, ko yaya aka taɓa sai jini, kuma jinin ba ya saurin tsayawa. A Juma'ar ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Ka aske ni tas, Yaya, kada in tai gaban Ubangiji kamar bunsuru." Na ce masa ya bar irin wannan magana. Ranar Talata muka kai shi asibiti a bayan lori, ranar Alhamis muka dawo da gawarsa. Likitan da ya duba shi ya kira ni gefe ya ce ya kamata 'yan gidan duka su zo a auna jininsu. Na ce to. Da muka fito na dubi damatsana, na ce wanda ke ɗaukar buhun dawa shi kaɗai me zai je nema a asibiti. Ban koma ba, ban kuma gaya wa kowa an ce a koma ba.

Ina gaya maka wannan ne don na san abin da za ka ce a ranka yanzu a cikin motar. Za ka ce ai lafiyarka ƙalau, ko ciwon kai ba ka yi. Haka na ce. Ciwon nan yana iya zama a jikin mutum shekara da shekaru bai ce uffan ba. Ƙarfin da kake ji a jikinka ba shaida ba ce, Usmanu. Ka sauka a Sinnar.

Yanzu na zo wurin da alƙalamin yake yi mini nauyi. Kana da shekara goma sha shida, ranar wata Juma'a, na lura kana ta shafa haɓa a gaban madubin innarka. Gashi bakwai ne, na ƙirga su, amma kai a wurinka daji ne. Daɗi ya kama ni. Na ce yau ɗana ya zama namiji, kuma ba wanda zai fara sa masa ƙarfe a fuska sai ni, da makanar kakansa. Na gama nawa askin, na zaunar da kai a kan turmi a gaban mutane, na shafa maka sabulu. Ban canja rezar ba, ban da wata ma. A ƙasan haɓarka ta hagu ta cije ka, jini ya gangaro har wuyan riga. Ba ka ko motsa ba, ni kuma na juya ina gaya wa jama'a su ga jarumi, jinin gidanmu ne. Na danna maka alif ɗin da na gama dannawa a nawa kumatun. Daga ranar ka shiga layin 'yan Juma'a, kuma don kai ɗana ne, kullum kai ne na biyu, daga ni sai kai. Shekara huɗu muna haka. Tabon yana nan a haɓarka, kullum ina ganinsa idan ka ɗaga kai za ka sha ruwa.

Wata takwas da suka wuce kasala ta fara kama ni a gona, irin wadda na gani a jikin Sani. Na ce muku zan je Madani neman maganin feshi, na wuce asibiti. Likitan yaro ne, bai fi ka da yawa ba. Da takardar gwajin jinina ta fito ya zaunar da ni ya yi ta tambaya da Larabci, ko an taɓa ƙara mini jini, ko an yi mini tsaga ko ƙaho, ko ina haɗa abin aski da wani. Na ce ina haɗawa. Ya ce da mutum nawa. Na fara lissafi da yatsu, yatsun suka ƙare, na ɗago na dube shi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ba wanda zai iya sanin wa ya sa wa wani, ko ni na sa wa Sani, ko shi ya sa mini, ko wani ne daga cikin jama'a, ko ma tun ina jariri na samu. Ya ce ciwon ba ya bin kwanon abinci ko musafaha, jini yake bi, kuma yana iya kwanaki da ransa a busasshen jinin da ke bakin ƙarfe, ɗauraya da ruwa ba ta kashe shi. Ya ce wanda bai kamu ba akwai allurar rigakafi, wanda ya kamu kuma in an gano da wuri ana bibiyarsa, akwai maganin da ke danne ciwon. Sannan ya ce in kawo iyalina. Karo na biyu ke nan da likita ya gaya mini haka.

Na dawo gida na ce zazzaɓi ne. Na daina fitowa ƙarƙashin bishiya, na ce wa mutane murfin makanar ya lalace. Ka ce za ka kai ta wurin maƙeri, na ce ka bar mini kayana. Wata bakwai ina ɗauke da maganar nan ni kaɗai. Kowace safiya in ja fatar idona a gaban madubi ina neman ɗorawa. Idan muna cin abinci in ƙura wa naka idon ido, har wata rana ka ce, Baba lafiya kake kallona haka, na ce tunanin gona nake yi. Tsoro nake ji kada in faɗa a guje ni, a ware mini kwano, a ce Garba ne ya kashe ƙaninsa. Na fi tsoron bakin mutane a kan lafiyarka, wannan ita ce gaskiya, kuma ina jin kunyar rubuta ta.

Duk da haka ban daina aski da ita a ɓoye ba, don ban iya ganin fuskata da furfura tsiri-tsiri. Abin da ya tona ni ke nan. Watan jiya kawunka Alhaji Bello ya sauka a gidanmu ranar Juma'a. Ka san matsayinsa a wurina, shi ne wan innarka, shi ya ba ni aurenta, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Ya sha shayi, ya shafa fuska ya ce in kawo masa makanar nan tawa ya rage gashi kafin salla. Na fara cewa ta lalace, sai ya dubi haɓata da ke sheƙi ya yi murmushi ya ce, "Wadda tal lalace ita ta yi ma wanga aiki? Ɗauko dai, bawan Allah." Usmanu, na tashi na ɗauko. Na zuba mata ruwan zafi daga buta ina sane ba zai wadatar ba, na miƙa masa da hannu biyu. Ni na riƙe masa madubi. Ina kallo ta cije shi a ƙasan kunne, ina kallo jinin ya fito. Kalma ɗaya ce a bakina, in ce Alhaji dakata, amma kunyar suruki ta ɗaure mini harshe. Duk sauran kurakuran na yi su ne cikin jahilci ko sakaci. Wannan na yi shi ido buɗe.

An raine ka da kunya kamar yadda aka raine ni, kuma ban ce ka yar da ita ba. Amma a can za ka haɗu da dattawa, da shugaban aiki, da wanda ya girmi ubanka, wani zai ce ka ara masa. Ga abin da za ka ce, na ba ka shi a shirye don kada bakinka ya mutu kamar nawa. Ka ce, Baba ka yi haƙuri, likita ya hana ni haɗa abin aski da kowa, amma ga sabuwa. Ka riƙa ajiye biyu ko uku a rufe saboda haka. In ya ji haushi, ya ji. Haushi yana wucewa.

Bayan tafiyar kawunka abinci ya daina shiga mini. Innarka ta zuba mini ido kwana da kwanaki, sannan wata la'asar tana yin kisira, wainar dawar nan, a madafa ta kira ni ta ce in zauna in gaya mata abin da nake ɓoyewa, ko mata zan ƙara ko mutuwa zan yi. Na gaya mata duka. Na yi zaton za ta yi kururuwa. Ta sauke kaskon daga wuta a hankali, ta goge hannu a zane. Sannan ta ce, "To Usmanu hwa? Kai kay yi mai askin hwari." Ba ta ware mini kwano ba, a kwano ɗaya muka ci a ranar. Washegari ta shirya ta tafi Hasahisa aka ɗebi jininta, makon jiya takardarta ta fito, ba a samu komai ba, alhamdu lillahi, an fara yi mata allurar. Ƙannenka mata za ta kai su bayan ranar kasuwa. Abin da na kasa yi a wata bakwai ta yi shi a kwana ɗaya. Idan Allah Ya ba ka mata, kada ka ɓoye mata abin da ya shafi jikinka, ko da kana ganin zai zubar maka da girma.

Innarka ta ce ita za ta gaya maka, na roƙe ta ta bar ni, ni na ɓata ni zan faɗa. Sau uku ina gwadawa. Ranar da muka je buɗe wa dawa ruwa na kira sunanka, ka juyo, na ce ka kula da macizai a Damazin. A hanyar kasuwa na sake farawa, na ƙare da zancen takalmi. Na uku shi ne shekaranjiya, ka ga yadda ta ƙare. Jiya innarka ta ajiye mini takarda da alƙalami a gabana ta ce tunda bakin ya ƙi, hannun ya yi, in ba haka ba ba za ta bari ka hau mota ba.

Makanar tana ƙasan akwatina. Rezar na cire na jefa a masai, alif ɗin ma haka. Ba zan ba ka ita yanzu ba, kada ka sake tambaya. Ni ma ina da nawa aikin a nan. Gobe in Allah Ya kai mu zan hau mota zuwa wurin kawunka, in zauna a gabansa in ɗaga kai in gaya masa abin da na yi masa. Ranar Juma'a kuma zan fita ƙarƙashin bishiyar in tara waɗanda suka rage daga cikin masu askin, in gaya musu su je a auna su. Ban san da wane ido za su dube ni bayan haka ba. Ina jin tsoro in na tuna, amma duk bai kai tsoron takardar gwajinka ba.

Idan ka je asibitin kada ka tsaya kame-kame, ka ce musu mahaifinka yana da ciwon hanta kuma kun haɗa reza shekara huɗu. Gwaggonka ba ta san komai ba, in ka ga dama ka gaya mata, na ba ka izini. In takarda ta fito ba a samu komai ba, ka tsaya a yi maka allurar farko kafin ka wuce, ka tambayi ranar ta biyu da ta uku, ka kiyaye su kamar lokacin salla. Sannan ka kira innarka ta yi guɗarta.

In kuwa an samu, ni za ka fara kira. Kada ka wuce Damazin ka je ka zauna da shi kai kaɗai a cikin riɗi kana cewa zazzaɓi ne. Ka zauna gidan gwaggonka, motar farko zan shigo, mu koma wurin likitan tare, in ji da kunnena abin da za a yi maka. Duk abin da ka ga dama ka faɗa mini a wayar, ka faɗa, zan saurara har ka gama.

Ina neman gafararka, ɗana. Amma kada ka yafe mini yau a cikin mota don tausayi ya kama ka. Ka bari sai ka riƙe takardar asibitin a hannunka ka karanta abin da ke ciki. In a lokacin ka ga za ka iya, to ka yafe mini, wannan yafiyar ce nake so.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare jininka da hantarka, Ya sa kuskurena ya tsaya a kaina ni kaɗai. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka, Ya ba ka abin da ka fita nema, Ya dawo mana da kai muna raye. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka ci dabinon kada ka rabar duka. Wayata tana aljihuna, ba zan shiga gona da nisa ba sai na ji ka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba.